Shekarar da Na Nemo Kaza da Gilashi

Ƙaras-ƙaras na ji daga bayan rumbu, ina tsaka da shara. Na ɗauka ɓera ne. Da na leƙa sai na iske ɗiyata ƙarama tsugune gaban tulun da muka ɓoye irin shuka, ta ɓamɓare lakar da na liƙe bakinsa da ita, tana tauna ɗanyen hatsi. Ban buge ta ba. Zama na yi ƙasa kusa da ita.

Shekarar babban fari ce, muna ƙauyenmu kusa da Cadawa. Maigidana ya bi ta Gazawa ya tsallaka Najeriya ci-rani, shiru ba labari. Rumbu wayam, sai wannan tulu. Makiyaya na ratsa bakin gari da shanu ƙashi da fata. Na san in hatsin nan ya ƙara jimawa a gida, cikinmu zai shiga, ko an yi ruwa kuma ba mu da abin sa wa ƙasa.

Na je na durƙusa gaban surukina, na ce, "Baba, a yi binne." Wato a shuka a busasshiyar ƙasa, iri ya jira ruwa a can.

Ya ce, "Ɗiyata, gidan nan ba a binne sai Kaza ta dawo."

Kaza ita ce dunƙulen ƙananan taurarin nan da ke ɓacewa da bazara, ta sake ɓullowa gabas kafin alfijir. Tun kakanninsa da ita suke gane lokaci. In an riga ta, zafi da tururuwa ke cinye irin. Shi ke gano ta kowace shekara, amma a shekarar yanar ido ta rufe mishi gani.

Ƙarƙashin gadona akwai gilashin hangen taurari, sabo fil cikin kwalinsa. Ƙanena ɗan lise, wato babbar sakandare, a Yamai ya ci shi kyauta, ya bar mini ajiya. Na ɗan yi kolej kafin aure, Faransancin takardar bayanin da ke cikin kwalin bai gagare ni ba. Ƙafafun gilashin uku suka gagare ni: duk inda na kafa su sai rairayi ya shanye ɗaya. Daga baya na jawo turmi na kifa, na tokare su da shi.

Maƙwabciyata ta leƙo ta kan darni ta ce, "Ke kuma, bindiga kika samu? To harbo mana hadari!"

Na yi dariya, hawaye na zuba.

Kullum kafin kiran asuba nake fita tsakar gida. Sai na yi istigfari kafin in sa ido, don kada zuciyata ta jingina da tauraro. Ruwa na Allah ne, Kaza alamar lokaci ce kawai. Ranar farko baƙi wuluk na gani, ashe ban cire murfin ba. Da na cire, sai ga bishiyar ƙiryar bayan gidanmu a kife, kanta ƙasa. In na tura dama, abu ya gudu hagu. In na kama tauraro, kafin in numfasa ya sulale. Gari kuma ba ya jira: gabas ta yi fari, komai ya ɓace, in koma in dafa wa yara ganyen tafasa da ɗan dusa. Tulun na mayar da shi ɗakina, ina kwana da hannu bisa bakinsa, kuma ni kaina nake tsoro, ba yaran ba.

Wata asuba na samu Kaza, can ƙasa-ƙasa daidai saman darni, tana ƙyalli kamar an watsa gishiri. Da ido kuwa ba komai wurin. Na ruga na kamo hannun Baba.

Ya kara ido, ya jima. Ya ce, "Fari kawai nake gani. 'Ya'yanta nawa?"

"Sun fi ƙirga, Baba."

"Tawa ba ta da yawa haka. Kin gan ta da idonki?"

"A'a."

"To kwalbarki ta riga lokaci. Ta ido muke bi, kuma da saura."

Ban taɓa mayar mishi da magana ba sai ran nan. Na ce, "Baba, tulun ba zai kai ranar ido ba."

Ladan ya gama kiran salla. Sannan Baba ya ce, "In mun sallame, ɗauko sungumi."

Shi ya riƙa sara, yana lalube layi da ƙafa, ni ina zuba iri ina rufewa da diddige. Ƙasar ta yi zafi tun hantsi, sama kuwa tas, ko ɗigon gajimare babu. Kowane rami da bisimilla na rufe shi, har tulun ya ƙare.

Ɗiyata na biye da mu, tana soka tsinke bisa kowane rami. Na ce mata na mene ne.

Ta ce, "Inna, don in ba a yi ruwa ba mu san inda za mu tono."