Ɗigo Uku a Takardar Da'u Milimita

Mijin yayata sunansa Da'u, amma in ka shiga Ajingi kana neman Da'u kawai, sai an tambaye ka wanne. Ka ce Da'u Milimita, yanzu a raka ka har ƙofar gida. Haifaffen Toranke ne, ɗan manoman gyaɗa, ya yi makaranta a Gaya, ya shekara talatin da ɗaya a sashen gona na ƙaramar hukuma yana auna ruwan sama. In aka tashi da ruwa, mutane na yi wa juna barka, shi kuwa yana tsugune gaban gorarsa mai lamba yana cewa milimita goma sha bakwai ne. Sai ya ɗiga a takarda mai gida-gida, ya ja layi daga ɗigon jiya zuwa na yau. Wannan zanen shi yake kira giraf, kuma ya fi yarda da shi a kan idonsa.

Ni ce Afra'u, autar su Hanatu matarsa. Ina da shekara tara mahaifiyarmu ta rasu, Yaya ta ɗauko ni, a gidan Da'u na girma har aka kai ni ɗaki a Gaya. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, ban taɓa ganin ya hana ta komai ba. Mutumin kirki ne, wannan ba na musu. Amma shekara biyu na yi ina jin haushinsa, ina kai masa tuwo ina jin haushinsa, shi bai ma sani ba.

Gahawa ce ta jawo. An taɓa tura shi kwas can tsaunin Mambila, wani abokin aiki mai suna Abdulmuttalib ya kai shi gonarsa, ya soya masa gahawar da ya noma da hannunsa. Da'u ya dawo yana ba da labari kamar wanda ya je Makka. Wai ba sukari, ba madara, amma in ka kurɓa sai ka ji ɗanɗanon nunanniyar kanya a bayan harshe, da ɗan tsami-tsami irin na 'ya'yan tsada. Na ce masa, "Yaya Da'u, ga bishiyar kanya nan a bayan gari, in ita kake marmari sai in tsinko maka. Sai ka je Mambila?" Ya ce ba zan gane ba. Ban kuwa gane ba a lokacin.

Da ya yi ritaya, Abdulmuttalib ya riƙa aiko masa da ɗanyar ƙwayar gahawa duk shekara, ɗan buhu guda, kore-kore mai warin ciyawa. Yaya ce ta fara soyawa, ita da duk unguwa aka sani da iya suyar gyaɗa. Ta zuba rairayi a kasko, ya yi zafi, ta juye gahawar a ciki, ta soya ta sai da ta yi baƙi tana ƙyalli, don a wajenmu abin da bai soyu sosai ba ɗanye ne. Ta daka, ta dafa, ta ji ɗaci kamar maɗaci, sai ta gyara da citta da kanumfari da sukari cokali huɗu. Da'u ya kurɓa, rairayi ya yi masa ƙaras a haƙori. Washegari ya hau motar Kano, ya dawo da ma'aunin zafi mai doguwar waya da sabon littafi mai gida-gida.

Daga nan aka raba aiki. Yaya tana zaune gaban kurfoti, hannun dama yana juya ƙwayar a busasshen kasko da sakaina, hannun hagu yana fifita gawayi da mafici. Shi yana kan tabarma a gefe, an ɗaure bakin wayar a cikin kaskon, ma'aunin yana cinyarsa, agogo a gabansa. Duk rabin minti ya duba lamba ya ɗiga. Ya koya mini karatun abin ko ban so ba: lokaci yana tafiya ta ƙasa, zafi yana hawa ta gefe. Da an zuba ƙwaya layin ya faɗi, don ta shiga da sanyinta, sannan ya juyo ya kama hawa. Wajen minti tara sai ta fara fashewa, ƙas-ƙas, kamar gugguru. In ka sauke kafin nan, ruwan ciyawa za ka sha. In ka bar ta ta daɗe bayan nan, ɗanɗanon ɗan itacen ya ƙone, sai gawayi. Tsakanin biyun nan akwai ɗan lokaci ƙanƙani, shi Da'u ya shekara uku yana farauta.

Ya cika littafi biyu. Wata rana ya ce an kusa, wata rana ya ce an wuce. Yaya kuwa ba ta taɓa ƙosawa ba, ko da yake ba ta shan abin. Takan ce, "Malam ya gama auna ruwan Allah, yanzu ya koma auna wutata."

Ranar da abin ya faru ina gidan, na zo yini. Bayan la'asar ne, ina zaune bakin ƙofar ɗaki ina gyaran zogale, ina fuskantar Yaya. Ana cikin suya sai na ga maficin ya sulale daga hannunta. Hannun hagun ya tafi ƙirjinta ya dafe. Fuskarta ta yi wani iri, gumi ya tsattsafo mata a goshi, amma hannun dama bai daina juyawa ba. Na yunƙura zan tashi, ta harare ni, ta girgiza kai, ta nuna mini shi da ido. Kansa yana ƙasa, yana ɗigawa. Can ta ja numfashi, ta lalubo maficin, ta ci gaba da fifita. Ƙwaya ta fashe, ya ce a sauke, ta juye a faifai tana shiƙa.

Bayan kwana uku, da suyar ranar ta huta aka dafa ta, ya kira ni a waya. "Auta, an samu! Kanya, wallahi kanya!" Na hau mota na je. Ya zuba mini a ɗan kofi, na kurɓa da niyyar in yi masa dariya, sai dariyar ta maƙale. Kanya ce kuwa, har da tsamin. Ya buɗe mini littafin ya nuna: a minti na bakwai layin ya daina hawa, ya kwanta, ɗigo uku a jere, sannan ya sake tashi a hankali. "Ga sirrin nan," in ji shi. "Yayarki ta rage wuta daidai lokacin da ya kamata. Hannunta ya san abin da littafi bai sani ba." Ya tambaye ta me ta yi, ta yi murmushi ta ce ita ma ba ta sani ba.

A madafi na tsare ta. Ta ce jiri ne kawai, wai don ba ta ci abincin rana ba. Ta ce, "Ki rufa mini asiri, Afra'u. Shekara uku mutumin nan yana neman abu, yau ya samu, kina so ki ɓata masa da zancen asibiti?" Na yi shiru. Wannan shirun har yau yana ci na.

Wata uku bayan nan ta faɗi a bakin rijiya da hantsi. Kafin a isa Gaya da ita rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce, kuma ba ranar ta fara ba.

Allah bai ba su haihuwa ba, don haka gidan ya koma shi kaɗai da kurfoti. Bayan arba'in ya ɗauko littafin. Ya yanke shafin nan, ya sa a leda, ya manna a bangon rumfa, ya ce sai ya dawo da wannan suyar. Shi ke juyawa, shi ke fifita, shi ke ɗigawa, hannu biyu aikin uku. Ya gwada kwashe garwashi a minti na bakwai, layin ya faɗi da yawa. Ya gwada ɗaga kasko, ya gwada yayyafa toka. Wani lokaci zanen ya yi kama da nata, a dafa a ji lami. Ya rame, rigunansa suka yi masa yawa, ya daina zama a majalisar ƙofar gida. Duk zuwan da na yi sai ya tambaye ni, "Auta, kina wurin ranar nan. Me ta yi?" In ce ban lura ba. A raina kuwa cewa nake, ni da nake nesa na gani, kai da kake taku biyu da ita me ya hana ka? An ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi lamba yake tambaya.

Sannan Abdulmuttalib ya bugo waya ya ce ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa sun sare bishiyoyin sun shuka masara. Ba sauran aike. Abin da ya rage a buhun ƙarshe shi ke nan, kuma ƙwayar tana tsufa, korenta yana dusashewa. Da'u ya riƙa aunawa da gwangwanin madara, suya ɗaya gwangwani ɗaya. Na ga lokacin da suka rage goma, na ga lokacin da suka rage huɗu.

Bana, bayan an cire gyaɗa, ya aiko a kira ni. Na same shi a rumfa ya share wuri, ya hura gawayi, gwangwani ɗaya tak a kan faifai.

"Shi ke nan abin da ya saura," ya ce. "Hannunku ɗaya da ita, ita ta koya miki suya. Ki zauna a wurinta, ni in riƙe lissafi. Don Allah, Auta."

Na so in ce a'a. Amma na ga yadda wuyansa ya zama kamar na kaza, na zauna. Sakainar tata ce, maficin ma nata ne, bakinsa ya cinye a inda take riƙewa. Ya ce bismillah, na zuba. Ina juyawa ina fifita, shi yana kiran minti. Ƙwaya ta koma ruwan ɗorawa, ƙamshi ya fara tashi kamar na burodi. Ya ce shida. Ya ce shida da rabi. Ban shirya komai ba, Allah ne shaida. Da ya ce bakwai sai kawai na saki maficin, na dafe ƙirjina da hannun hagu, na ci gaba da juyawa da dama.

Ya ɗiga ɗaya. Ya ɗiga na biyu. Na ji ya ja numfashi.

"Ya kwanta! Auta, layin ya kwanta, daidai irin nata! Me kika yi? Me kika..."

Ya ɗago kai. Ya ga maficin a ƙasa, ya ga inda hannuna yake.

"Abin da Yaya ta yi ke nan," na ce. "Ba wuta ta rage ba, Yaya Da'u. Hannun ne ya ƙi. Na gani, ta hana ni faɗa, ni kuma na biye mata."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar. Biron ya faɗi a tabarma. Haushin da na yi shekara biyu ina riƙo na neme shi na rasa, sai tausayi da kunya, don ni ma da na gani me na yi? Can a kaskon ƙwaya ta fara ƙas-ƙas. Lokacin saukewa ya zo ya wuce, ba wanda ya motsa a cikinmu. Hayaƙi ya turnuƙe rumfar, gwangwanin ƙarshe ya zama gawayi.

Ya tashi da ƙyar ya je jikin bango, ya ɗora yatsa a kan ledar, a kan ɗigo ukun nan da ya shekara biyu yana yabo.

"Ta daɗe a haka?" ya tambaya.

Na ce ban sani ba, ban ƙirga ba.

"Minti ɗaya ne cur," ya ce. "Ni na rubuta."

Yanzu shayi yake sha, irin na kowa, da sukari. Ma'aunin yana cikin akwati tare da littattafan. Takardar kuwa tana nan a bango bai cire ba, kuma in na je gaishe shi, tun daga zaure yake kafa mini ido, ya ce, "Auta, lafiyarki ƙalau? Tsaya in ga fuskarki."