Ranar da Na Gajarta Katangar Kakana

Har yau, in na ji ƙamshin ƙaro da aka jiƙa za a haɗa tawada, sai in ga kaina a Filingue, tsugune gaban bariki da takarda bisa cinya. Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Kurfai ba, aka kwashe mu aka zuba lakwal, wato makarantar boko, iyayenmu mata na ta kuka.

Mushenmu, wato malaminmu na lakwal, baƙo ne daga kudu, shi ya koya mini zanen gini. Yana da wani ɗan gwangwani mai busassun launuka, sai ya ɗiga ruwa su narke. Ni ina zan samu irinsa? Da tawadar allo nake jan layi, shunin innata ya zama sama, jar ƙasa ta zama bango. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne nisa. Ya ce in miƙe hannu da kara, in runtse ido ɗaya in auna: na kusa babba, na nesa ƙarami, layuka kuma su yi ta matsowa har su haɗu can inda ƙasa ta taɓa sama. Na ɓata takarda har kunnena ya saba da yatsunsa.

Ranar da hannuna ya faɗa, doguwar katangar bariki na zana, na ruga gida da murna. To, kakana ne ya gina ta. Aikin dole aka sa shi da tsakar rani, amma duk da haka ba ya son a taɓa ta ko da baki. Magini ne da ake kira har Imanan, kuma da sunan nan nasa gidanmu ke cin tuwo.

Ya duba takardar, ya juya ta, ya haɗe rai.

"Wa yag gina wagga?"

"Kai ne, Kaka."

"Ni? Ni na ɗora katanga kai guda dogo, kai guda gajere? In mutanen kasuwa sun gani, wa zai ƙara ba ni gini?"

Ya cusa ta aljihu, ya ce daga ranar babu zane a gidansa. Wallahi na yi kuka, ko tuwo ban ci ba. Kakata ta yi ta masa tsiya, wai tsoho da furfura ya tsaya faɗa da takarda, amma ko gezau.

Washegari da hantsi na roƙe shi mu je gaban katangar. Ya bi ni, na san don ya kunyata ni ne. Na tsayar da shi a kusurwar da na zauna, na miƙa masa kara. Ya runtse ido ya auna. Sai ya yar da karan, ya bi katangar har ƙarshe yana shafa ta, ya auna tsawonta da kamunsa. Da ya waiwayo, ga kan da ya baro shi ma ya tsuke. Ya yafito ni.

"Ginina lahiya lau shike," in ji shi. "Ido ne ke cin katanga."

Ya fito da takardar, ya miƙar da ita bisa gwiwarsa.

"Amma ka zalunci wanga kai. Zamna nan ka yi wata, shi ma shi samu tsawonai. In za ka gwada ma mutane, ka gwada su tare."

Daɗi ya kashe ni. Na zauna nan take, shi kuma ya tsaya a kaina ya tare mini rana da malafarsa har launin ya bushe.

Katangar ta daɗe da zubewa, siminti ya maye gurbinta. Jikokina hoto guda suke ɗauka su wuce, suna mini dariya wai tsoho na wahalar da kansa. Su yi ta yi. Na zana benayen Yamai iya son raina, amma ban taɓa iya tashi daga gaban gini da takarda ɗaya ba. Sai in ji kamar na ci amanar wanda ya ɗora shi.