Kalmar da Ban Fassara Ba

Jiya na buɗe gwangwanin sukari a ɗakina na unguwar Ard al-Liwa. Samansa ya daskare, na danna cokali sai ya rufta, ƙasa duk gari. Shayin ma ban sha ba. Bari in gaya maka dalili, bi da bi.

Ina ɗan shekara goma sha biyu, Baba direba ne a ofishin jakadanci a nan Alƙahira. Kakana ya zo daga gida a yi masa aikin ido. Tsohon mai haƙar kuza ne, ba ya jin Larabci, ni ne tafintansa. Kunyar fita da shi nake ji: tsohon kwat a kan babbar riga, goro a baki, sanda a hannu.

Da sanyi ya kama, Baba ya kai mu ziyara Dutsen Sina'i. Muka tarar dusar ƙanƙara ta kwana biyu tana sauka, abin da Kaka bai taɓa gani ba. Da hantsi muka iso wani gangare da hanya ta ratsa tsakiyarsa. Jagoranmu, wani Balarabe, sai yalla yalla yake yi, wato mu yi sauri. Baba yana can gaba kaɗan.

Kaka ya tsaya, ya yi abin da ya saba yi a bakin rami. Da farko ya duba gefen da rana ke bugu. Sannan ya doka sanda ya kasa kunne. Daga ƙarshe ya durƙusa ya tona dusar ƙanƙarar da hannu. Sama ɓawo ne mai tauri, ƙasa kuwa tsaba-tsaba, ya dunƙula ta ƙi haɗuwa.

"Kai ja'iri, gaya masa wurin nan yana jin yunwa. A zagaya."

Haka su Kaka ke cewa da ramin da zai ci mutum. Jagoran yana kallonsa yana murmushi, ya tambaye ni me Hajji ya ce. Na ga ba zan iya faɗin maganar ƙauye irin wannan ba. Na ce, "Tamam," wato lafiya lau.

Jagoran ya ɗaga wa Baba hannu alamar ya wuce. Kaka ya ƙwala wa Baba kira, amma ya riga ya shiga. Taku na biyar muka ji ƙara kamar an buga ganga a cikin ƙasa, gangaren ya zame da shi. Mu uku muka tono shi, da rai, ƙafar dama a karye wuri biyu. Da ita yake taka birki. Bai sake tuƙi ba.

Kaka bai yi mini faɗa ba. A asibiti ya dube ni ya ce, "Wai da Larabci yaya ake cewa yunwa?" Na faɗa masa. Ya ce shi bai ji wannan kalmar a kan dutse ba. Bai sake tayar da zancen ba har ya rasu, ni ma ban taɓa gaya wa Baba ba.

Yau tafinta nake wa mutanenmu masu zuwa asibiti. Yara yanzu waya ke yi musu fassara, ita kuwa ba ta jin kunyar kowa. Ni dai duk abin da tsoho ya faɗa, haka nake mayar wa likita, kalma bayan kalma, ko da zai yi dariya.