Ranar da Na Bar Riga Mai Ruwan Goro a Kan Kujera

Bari in faɗa da bakina kafin matata Hajiya ta riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Karatun boko a aji huɗu na ajiye shi, amma farauta kam ina ganin gadona ce, domin babana maharbi ne. Da idona na sha ganinsa ya ɗaura kan burtu a goshi, ya sa riga mai kalar ƙasa, yana rarrafe yana gyaɗa kai har barewa ta ɗauka tsuntsu ne. Abin da na koya ke nan: maharbi na gaske shi ne wanda ba a bambanta shi da dabba.

Mijin 'yata ta biyu, ma'aikacin jinya ne a nan Greensboro ta Amurka, ya yi lasisin farauta. Wani abokin aikinsa na da gona da kurmi bayan garin Pleasant Garden, ya ba shi izinin shiga. Shekara biyu ina damunsa da labarin babana, har wata Asabar ta watan Nuwamba ya ce in raka shi, ba bindiga, kallo kawai. Ana gobe tafiya ya kawo mini jakar goyo a shirye, ya zazzage ta a tsakar falo yana nuna mini ɗaya ɗaya kamar mai raba gado. Ga wuƙa, ga igiyar jan nama, tocila, bandeji, gorar ruwa, wani usur na roba, sai riga mara hannu da hula, dukansu ruwan goro mai kashe ido.

"Baba, komai za ka iya mantawa ban da rigar nan da usur," in ji shi. "Dajin nan ba mu kaɗai ba ne a ciki."

Na ce to. Yana fita na zauna na yi wa jakar gyara irin na masana. Usur dai ni ba alƙalin wasa ba ne, na jefa shi cikin durowa. Rigar kuwa, wane maharbi ne zai shiga daji yana walƙiya kamar mai gyaran titi? Na rataye ta a kujera, ita da hular. A gurbinsu na cusa darduma, da kilishi, da 'yar butata ta roba mai ratsin kore da rawaya wadda na taho da ita daga gida. Hajiya tana kicin, ba ta ga komai ba.

Bayan azahar muka isa. Sama ta yi toka-toka, itatuwa sun zubar da ganye sun tsaya tsirara, ba tsuntsu ko ɗaya da ke kuka. Can nesa aka yi harbi sau ɗaya, sai shiru. Surukina ya dubi jaket ɗina mai ruwan ƙasa, ya dubi jakar.

"Baba, rigar fa?"

"Tana ciki. In na zauna zan sa."

Na ga hannunsa ya ɗan motsa, ya koma. Da ɗansa ne da ya buɗe jakar ya duba. Amma wa zai sa hannu a jakar surukinsa, ya nuna bai yarda da maganarsa ba? Kunyar nan da na yi ta yabonsa a kanta ita ta rufe masa baki, ni kuma na sani, da gangan na jingina da ita. Ya zaunar da ni gindin wata bishiya, ya roƙe ni kada in gusa, ya tafi ya hau kujerar ƙarfe da ya ɗaure a saman wata bishiyar, inda ba ma ganin juna. Na kashe wayata don kada ta kori nama.

La'asar ta yi. Inda nake gangare ne, duk saiwoyi. Na ɗauki jaka na bi wata 'yar hanya neman wuri mai laushi. Na wuce itatuwa da aka shafa wa shunayyan fenti a jiki, na ce ka ga Bature, har daji sai ya yi wa kwalliya. Daga baya na ji cewa alamar iyaka ce, ta nuna ka shiga filin wani.

Na sami fili a bakin wani rafi, na yi alwala, na ajiye buta a gefe, na shimfiɗa darduma. Yanzu ku tsaya ku dube ni yadda wani zai hango ni daga nesa ta tsakanin rassa. Jaket ruwan ƙasa. Farin kaftani ya leƙo ta baya yana lilo. Barewar ƙasar nan kuwa ruwan ƙasa ce, wutsiyarta fara fat. Ga abu a bakin ruwa da yamma, ya sunkuya, ya miƙe, ya kai kai ƙasa. Ko babana da kan burtunsa bai taɓa kamanta dabba haka ba.

Ina sujada a raka'a ta uku na ji wani ɗan sauti daga sama, ta hagu. Ƙaras. Ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Duk wanda ya tashi a gidan maharbi ya san wannan sauti, ko da bindigar ba irin tamu ba ce. Sanyin ƙasa ya ratsa darduma ya shiga goshina. Na ji ƙeyata ta yi nauyi, kamar an ɗora mata yatsa.

In na ɗago da sauri, haka barewa ke yi kafin ta zabura, lokacin ne kuma ake sakin harsashi. In na kwanta shiru, mai bindigar ya sami abin da ya tsaya masa cak. Usur yana durowa a gida. Kalmar da ke bakina a lokacin kabbara ce, na kuma yi shekarun da suka isa a ƙasar nan in san cewa ba kowane mai bindiga a daji ba ne zai ji ta yadda nake nufinta. Na zauna a haka, goshi a ƙasa, ina jin ruwan rafi yana wucewa. Ban san tsawon lokacin ba. Na tuna 'yata, na tuna cewa mijinta za a ce ya kai ubanta daji.

Sai wata murya ta faso da Turanci: "Kai! Mutum ne a wurin?"

Na ɗaga hannu ɗaya a hankali, tafin a buɗe.

Wani dattijon Bature ya sauko daga bishiya, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, sanye da ruwan goro tun daga kai. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya zauna a kan kututture, ya kwantar da bindigar. Ya ce yatsansa na kan kunamar bindiga. Ya ce yana jira ne dabbar ta ɗago ya ga ko tana da ƙaho, sai ya hango wani abu kore da rawaya a cikin madubin bindiga, ya tambayi kansa me tulun roba yake yi kusa da barewa. Ya cire hularsa ya kifa mini a kai, ya raka ni har iyaka. Sallar sai a gefen mota na sake ta.

Surukina yana ganin hular Baturen a kaina ya gane abin da ya faru. Kafin mu isa gida, sau biyu ya tsaya a gefen hanya ya kifa kai a sitiyari.

Mun tarar da Hajiya a tsaye a falo, rigar a hannunta, ta kira wayata har ta gaji. Na ga idonta ya yi ja, sai na ce bari in sassauta abin. Na gyara murya, na ɗaga buta sama.

"Kun dai gani. Duk kayan Bature da aka tara, wanda ya ceci rai shi ne wanda ni na sa a jakar da hannuna."

Ta dubi butar, ta dube ni.

"Ai ita butar ta sa rigarta ta tafi, Malam. Kai ne ka bar taka a kan kujera."