Yadda Na Sayar da Muryar Baba

Duk daular da ta faɗi a tarihi, in ka bi diddigi, daga cikin gida aka buɗe wa maƙiyi ƙofa. Na karanta haka a littattafai bayan na girma, amma ban buƙaci littafi ba, domin ni da kaina na taɓa buɗe irin wannan ƙofa ina 'yar shekara goma sha ɗaya, kuma ladan da aka ba ni gaɓa biyu ne na rake. Ranar kasuwar Yelwa ce, a hutun da na gama aji biyar, ruwa ya kawo har gindin rumfunan masu bandar kifi. Ina yawo da farantin ƙuli-ƙulin Inna tsakanin ƙarni da hayaƙin injin jirage, sai na ga yara sun yi dafifi a kan wani siririn mutum mai jar hula da ke jiran jirgin ƙetare. Ya buɗe baki, sai ga muryar Gwamna ta fito. Saura kaɗan in kifar da farantin.

Baki-Goma ke nan, mai shirin barkwanci a gidan rediyon jiha. Kowace Juma'a, da zarar an gama labaran ƙarfe huɗu, sai ya ɗauko manyan ƙasa ɗaya bayan ɗaya: Gwamna yana buɗe rijiyar da ba ta da ruwa, wani minista yana fama da Hausa, wani shahararren mawaƙi yana wasa attajiri alhali ya manta sunansa. Mu 'yan makaranta mun haddace shirin fiye da jadawalin sau. Lokacin hutun tara, a bayan ajinmu, sai mu soke gwangwanin madara a kan kara mu buɗe namu gidan rediyon, kuma duk da ni mace ce, ba wanda ya kai ni iya saukar da murya. Shi ya sa da mutumin ya tambaya ko akwai mai kwaikwayo a cikinmu, yara suka turo ni gaba suna "Kulu ta iya!" Na yi masa Gwamna. Ya yi hamma. "Wanga ai nawa ne, ɗiyata," in ji shi. "Ba ni naki." Ni kuwa mutum ɗaya kawai na mallaka.

Mahaifina malamin kifi ne, wato ma'aikacin gwamnati mai duba tarun masunta daga Yelwa har ƙauyukan bakin tafki. Dokarsa ɗaya ce: idon taru ya shige yatsa uku. In bai shige ba, to zai kwashe ƙananan kifi, sai Baba ya naɗe tarun ya tafi da shi. Ba shi da bindiga, ba shi da ɗan sanda a baya. Abin da yake da shi kwarjini ne, da gyaran murya sau biyu kafin ya ce, "Yatsa uku. Doka ce, ba ni ba." Ƙattin da ke iya ɗaga kwalekwale su kaɗai sukan sunkuyar da kai. A gida ma da yatsu yake mulki: lagwanin fitila, zurfin shayi, tsawon sumar ƙannena. Wannan duk gari ya sani. Abin da gari bai sani ba shi ne abin da ke faruwa a zaure kowace safiya, ƙofa a rufe, tsakaninsa da tsohon babur ɗinsa. Yakan fara da lallashi: "Haba, ranka shi daɗe, mi niy yi ma?" In ya ƙi tashi sai ya tuna masa man da ya sha jiya. In ya ƙara ƙi, sai ya koma Turanci ya yi masa barazanar rubuta rahoto zuwa hedikwata.

Duk wannan na zube wa baƙo a bakin ruwa, har da shurin ƙafa da haki. Bai yi dariya ba, abin da ya kamata ya tsorata ni ke nan. Leɓɓansa kawai ke motsi yana bin nawa. Ya sa na maimaita gyaran muryar sau uku, ya sayi rake ya miƙa mini, ya shiga jirgi. Raken yana da zaƙi, ba zan yi masa ƙarya ba.

Juma'a ta uku bayan nan, muna tsince shinkafa a tsakar gida, rediyon maƙwabta na tashi ta kan katanga, sai na ji an yi gyaran murya sau biyu. Inna ta ɗaga kai ta dubi zaure, ta zaci maigidan ya dawo. Tsakanin Gwamna da minista, ga wani sabon mutum, Malam Yatsa-Uku, yana roƙon babur. Gidaje huɗu na ji dariyarsu a lokaci guda. Inna ba ta tambayi kowa komai ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonta ya tsaya a kaina, ta ce, "Magana zarar bunu ce," ta ci gaba da tsintar tsakuwa. Da ta doke ni da na fi samun sauƙi.

Lissafin a fili yake ko ga 'yar firamare. In Baba ya ji, zai san zancen zaure daga cikin gida ya fita, kuma ba sai an yi dogon bincike ba a gano mai gwangwanin madara. Ba bulala nake tsoro ba. Ni ce 'yar da yake kira in karanta masa takardun ofis, ni kaɗai yake bari in riƙe masa alƙalami, kuma na tabbata ranar da ya ji, wannan ya ƙare. Abu ɗaya ya tsaya tsakanina da halaka: Baba ba ya sauraron shirin barkwanci. Da an ce ƙarshen labaran ke nan yake murɗe rediyo, don tattalin batir.

Wata biyu na yi ina gadin wannan murɗawa. Na zama mai hidimar rediyo ba tare da an naɗa ni ba. Ni ke shanya batir a rana, ni ke kai akwatin gindin dogonyaro, ni ke tsugune kusa da tabarma hannuna a kan maɓalli tun ana rahoton farashin hatsi. Wata Juma'a na juya batir ɗaya baibai, ya yini yana zagin 'yan kasuwa. Daga Laraba nake daina cin abinci sosai. A waje kuwa gari ya fara canza fuska: masunta na tambayarsa, "Malam, ya jikin babur?" shi kuma ya dawo gida yana yaba tarbiyyar mutanen bakin ruwa. Wani yaro ya ɗaga mini yatsu uku a layin makaranta, na fasa masa leɓe, aka ba ni sharar fili ta mako guda, na kasa faɗin dalili.

Ranar da abin ya zo, wanzami ne ya kawo shi. Ya makara, bai iso ba sai ana cikin labarai, Baba ya zauna a kan wani tsohon turmi aka jiƙa masa kai. Da labarai suka ƙare na kai hannu, sai wanzamin ya ce, "Bar shi, 'yan mata. Malam, shirin ga na sa aska ta yi laushi." Tsohon munafuki, ya san abin da yake yi. Baba kuwa, aska a ƙeya, bai iya ko girgiza kai ba. Gwamna ya zo ya wuce. Mawaƙi ya zo ya wuce. Na ji taɓaryar Inna ta tsaya a cikin gida. Sannan aka yi gyaran murya sau biyu.

Na ƙura wa tururuwa ido a ƙasa. Malam Yatsa-Uku ya auna shayi, ya auna gemun surukinsa, ya shiga zaure ya ce, "Haba, ranka shi daɗe." Wanzami ya ɗaga askarsa sama. Ba abin da ke motsi sai kumfar da ke gangarowa bayan kunnen Baba. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda ban taɓa ji ba, ya yi dariya har da hawaye, yana dukan gwiwa.

"Garba ne!" in ji shi. "Wallahi Garban Wara ne, abokin aikina! Allah Sarki, sun gama da bawan Allah." Ya share ido, ya dube ni kai tsaye, ya daɗe. "Kulu, kada in ji kuna yi mai dariya cikin gidan ga. Mutum ne mai iyali." Na ce to. Ya ce in kawo masa alƙalami in an gama askin.

Yanzu da nake koyarwa, ɗalibaina suna ɗaukar muryar kowa a waya, kafin malami ya kai ofis ya riga ya zaga gari, kuma ba mai jiran Juma'a. A zamaninmu mutum na iya shekara sittin bai taɓa jin kansa daga waje ba, na kuma daɗe ina ganin wannan ne ya cece ni. Baba ya rasu ba mu da faifansa ko ɗaya. Muryarsa a maƙogwarona kawai ta rage, wani lokaci ina wanke-wanke sai in ji ta fito da kanta, in tsaya in saurara. Abin da na sayar da araha shi ne gadon da ya fi tsada.

Bara, a wajen wani biki a Wara, na haɗu da 'yar Malam Garba, na tambaye ta labarin babur ɗin mahaifinta. Ta ce bai taɓa mallakar babur ba. Keke gare shi.