Ranar da Gashina Ya Miƙe Tsaye

A wata Juma'a ta watan Maris na 2004, ana tsananin zafi, aka kwashe mu 'yan aji biyar a motar haya daga makarantarmu ta Dutsen Kura zuwa wani babban zaure, domin mu saurari lacca kan kimiyya. Mai laccar wata malamar jami'a ce, gajeriya, mai tabarau. A kan teburinta akwai wata na'ura mai dogon wuya da kai na ƙarfe kamar tulun da aka kife, igiyarta a jone da bango. Tun da na hangi igiyar nan na nemi kujerar da ta fi nisa da ita na zauna.

Ina da dalili. A daminar da ta gabata wayar lantarki ta tsinke a layinmu, ta faɗa kan Bala mai walda, kuma da idona na ga an rufe shi da zane. Daga ranar ban sake taɓa makunni ba. Aikina a gida shi ne ƙulla zoɓon da Inna ke sayarwa a leda, amma zuba shi a firji sai dai ƙanena, domin firjin kan ja mutum idan ƙafarsa ba takalmi. Ko langa muke yi, ba na yarda in bi ta ƙarƙashin turken wuta.

Malamar ta ce tana son yarinyar da ba ta da kitso. Duk 'yan matan zauren a kitse suke, ban da ni, domin a daren Alhamis Inna ta tsefe mini kai, sai Asabar za a kitsa. Na sunkuya, amma ƙawata Alheri, 'yar kudancin Kaduna, ta ɗaga hannuna sama tana cewa, "Ga shi nan, Madam, gashin Fulani ne da shi!"

Aka ɗora ni a kan kujerar roba, na cire ɗankwali, malamar ta aza tafina a kan ƙarfen. Ta ce, "Wuta hanya take nema zuwa ƙasa. Robar nan ta tare mata hanya." Ban gaskata ta ba. Na'urar ta fara gurnani, na runtse ido ina kalmar shahada a zuci. Na ji wani abu yana tafiya a fatar kaina kamar tururuwa, sai zauren ya ɓarke da ihu. Irin ihun da aka yi a layinmu ne, saboda haka na tabbata tawa ta ƙare.

Da na buɗe ido, madubi na gani a gabana, gashina ya miƙe tsaye sili-sili. Ban lura malamar ta kawo lasifika kusa da bakina ba, na ce, "Ban mutu ba?" Aka yi ta dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Ta ce, "Ba ki mutu ba, 'yata. Yanzu sai ki tambayi me ya sa." Sauran laccar duk amsar wannan tambaya ce, kuma na saurare ta har ƙarshe.

Yau ina kallon laccocin manyan masana a wayata, ina kishingiɗe, in tsayar in koma baya yadda na ga dama. Suna da daɗi, ina kuma ƙaruwa. Sai dai babu wanda zai miƙo hannu daga cikin gilashin ya ce in fito gaba. Wani lokaci nakan yi kewar wannan tsoron.