Kwanar Lungun Gwaggo

Aikina a kwamitin gyaran tsofaffin unguwannin cikin gari shi ne haɗa kan ma'aikata. Haka dai aka ce mini ranar da aka ba ni kujera. Masu gina kwata da shugabansu, masu wuta da nasu, masu famfo da nasu. Nawa shi ne in tara su a ɗaki guda, in tabbatar an kawo ruwan sha. Kowa ya ce babu matsala, ya fita ya yi abin da ya ga dama.

Da aiki ya iso Ƙofar Wambai na yi murna, domin a can gwaggona take, ƙanwar mahaifina. Gidanta na ƙarshen wani lungu mai kwana ɗaya. Masu hali duk sun tashi sun koma sababbin unguwanni, sun bar soraye na zubewa, ita kuwa ta ce inda aka kawo ta amarya, daga nan za a ɗauke ta.

Masu kwata suka zo suka gina magudana mai tudun baki. Masu wuta suka kafa falwaya daidai kan kwanar. Masu famfo suka ga ɗan fili ya rage, suka yi dakalin siminti suka dasa famfo. Kowannensu ya auna, kowa ya bar hanyar da mutum zai wuce, har da mai ɗauke da tulu. Wallahi lungun ya yi kyau.

Na je gaishe ta ina jiran yabo. Ta bari na zauna, na sha fura, sannan ta ce, "Ɗan gwamnati, kwanar nan taku, makara za ta juya?"

Na ce, "Haba Gwaggo, wace irin magana ce wannan?"

Ta ce, "Ta nan aka fita da mijina. Ni ba za a miƙa ni ta kan katanga kamar buhun masara ba. Je ka gwada."

Na san halin mutanena, in ba su gani da idonsu ba, ba za su yarda ba. Don haka na jawo wakilan ɓangarorin uku, na aro makara a masallacin unguwa, muka ɗauka mu huɗu muka nufi lungun. Abin da ban lissafa ba shi ne mutane na da ido. Suna ganin makara ta doshi gidan tsohuwa, sai salati ya tashi. Mai shayi ya rufe teburinsa. Mata suka fara kuka ta cikin gidaje. Ana cikin haka Gwaggo ta fito bakin zaure da carbinta, ta sa aka ajiye mata kujera. Masu zuwa ta'aziyya suka gaishe ta, suka ja gefe suna kallonmu.

Makara ba ta juya ba. Gaba ta tokari falwaya, baya ta tokari katangar maƙwabci. Wakilin masu wuta ya ce a ɗan karkata ta. Muka karkata har ta tsaya a gefenta.

Gwaggo ta ce, "Ina ciki za ku yi mini haka?"

Daga nan aka shiga taro. Masu wuta suka ce sai an fasa kwata za su matsar da falwaya. Masu kwata suka ce ai famfo ne ya shigo musu. Masu famfo suka ce su suka zo ƙarshe, don haka su za su tashi ƙarshe. Ran nan raina ya ɓaci, na buga tebur, na ce duk cikinmu babu wanda zai shiga kabari da ƙafarsa. Aka miƙo mini ruwa, aka ɗage zama. Kullum na je gaisuwa sai Gwaggo ta ce, "Yaya kwana?" Ban taɓa sanin ko gaisuwar take nufi ko kwanar lungun ba, ni dai kunya nake ji.

Cikin damina Gwaggo ta rasu, da safe. Ina zaune a zaure, baƙin ciki biyu na cina, sai na ji ƙarar guduma. Maƙwabcin nan ne mai katangar, wani kafinta Kirista, mutumin kudancin jiha, wanda ya daɗe da sayen gidan kan kwanar. Ashe ranar gwajin yana tsaye yana kallonmu. Bai nemi kowa ba. Ya rushe kusurwar katangarsa, matarsa ta janye tukwanenta daga wurin, ta share ɓaraguzan.

Muka fito da Gwaggo a miƙe. Ina riƙe da gaba. Muka taka ta gefen tsakar gidansa, makara ta juya, ko kafaɗa ba mu sauya ba. A nan ne kuka ya ƙwace mini.

Falwayar tana nan har yanzu, maganarta na gaban kwamiti. Bayan sadakar bakwai na je na ce masa zan kawo bulo da siminti a mayar masa da katangarsa. Ya dubi cikin lungun, ya ce, "Bari tukuna, malam. Akwai sauran tsofaffi a ciki."